Akwatin Yayana da Hannun Mai Guga

Yayana mai gyaran rediyo ne, ko in ce a da can, don tun da waya ta zama rediyon kowa babu mai kawo masa ko eriya. Mutum mai kai in aiki ya ƙare masa, to jama'a su yi ta kansu. Zaman banzan nan ne ya haifar mana da akwatin kama maƙaryaci.

A waya ya ga yadda ake haɗawa. Kwana uku yana ƙona dalma a rumfarsa, sai ga shi da wani ɗan akwatin katako. A ciki akwai batir da tarkacen rediyo, a sama tsohuwar mitar awon wuta mai allura, sai wayoyi biyu, kowacce an ɗaure mata cokali a baki. Ka ɗora yatsu a kan cokulan, a yi maka tambaya. In allura ta zauna, kai mai gaskiya ne. In ta harba dama, sunanka maƙaryaci. Wai irinsa Turawa suke aiki da shi.

Na ce, "Yaya, Turawan ma da cokalin shayi suke yi?"

Ya ce ba zan gane ba, ni da ilimina bai wuce awon wuya da hannun riga ba.

Ni tela ne, shagona a Anguwan Rogo yake. Mu uku ne a ciki: ni, da abokin ɗinkina, da Baba mai guga, wanda na gada tare da shagon daga mahaifina. Tun ban iya zura zare ba Baba yake tsaye a kan teburin nan da dutsen gugarsa na gawayi. Makullin shago ma a aljihunsa yake kwana.

Ana saura mako guda Sallah, aiki ya yi mana katutu, sai leshin wata Bayarabiya 'yar kasuwa ya yi ɓatan dabo. Na bikin 'yarta ne, an ɗinka, an goge, an ninke. Muka birkice shago, babu shi babu dalilinsa. Matar ta tsaya a bakin ƙofa tana zazzaga mana masifa da Hausarta, har 'yan keke-napep suka fara tsayawa kallo.

Ana wata ga wata. Sai ga Yaya da akwatinsa a hammata, yana tafe kamar likita.

Kamata ya yi in kore shi. Na daɗe ina gaya wa mutane kunyar girmansa ce ta hana ni, amma ƙarya nake yi. So nake a sami wani abu ya nuna ɓarawo ba da bakina ba, in huta da matar nan.

Yaya ya ce ni ba sai an gwada ni ba, ai mai shago ba ya yi wa kansa sata. Wani a cikin 'yan kallo ya ce to shi ya fara ɗora nasa yatsun mu gani. Yaya ya ce shi ne mai aiki da na'ura, ba ya cikin lissafi. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Da abokin ɗinkina aka fara. Shi kuwa mutum ne da sanyin Jos ya sa wa tsoron kaushi, kullum da safe sai ya lafta wa hannuwansa basilin har suna ƙyalli. Ya ɗora yatsu, aka tambaye shi, ya ce bai ɗauka ba. Allura ko gezau. Jama'a suka yi kabbara, kai ka ce wahayi aka saukar.

Aka kira Baba. Yana tsakiyar guga ne, ya tsame hannu daga kwanon ruwan da yake yayyafa wa kaya, ya ɗan goga a gefen rigarsa. Bai kalli Yaya ba, ni ya kalla.

Ya ce, "Har da ni, ɗana?"

Na ce, "Baba, ai kowa ake yi wa. Yi haƙuri."

Ya ɗora. Wallahi Yaya bai gama tambayar ba allurar nan ta harba, sai da ta bugi ƙarshen mita. Baba ya ce, "Na rantse da wanda raina ke hannunsa ban ɗauka ba." Allura na can a manne. Yaya ya juya akwatin yana nuna wa jama'a yana gyaɗa kai. Na ji wani yana cewa ruwa ba ya tsami banza, wani na cewa tsofaffin nan su ne abin tsoro. Mutanen da suka shekara da shekaru suna ba shi ajiyar kayansu! Kowa ya zama alƙali saboda cokula biyu.

Ban ce masa ɓarawo ba, ban kuma ce ba shi ba ne. Baba ya zaro makulli ya ajiye a kan kekena, ya zubar da gawayinsa, ya ɗauki dutsen gugarsa ya fita.

Bayan Sallah da kwana biyu wani mutumin Naraguta ya dawo mini da leda. Ya ce a cikin kayan iyalinsa ya tarar da leshin nan, ba nasu ba ne. Ni na haɗa masa kayan, da hannuna. Ni ɗin da aka ce ba sai an gwada ni ba.

Ranar na je rumfar Yaya a fusace. Na tsoma yatsuna a butarsa, na ɗora a kan cokulan na ce, "Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da kai." Allura ta harba. Na shafa mai, na ce, "Ni ne gwamna." Ta zauna lafiya lau. Ashe abin banzan nan laima kawai yake ji. Mai guga kuwa, da hannunsa ke cikin ruwa tun safe, ko Alƙur'ani ya dafa sai ta ƙaryata shi. Wani malamin jami'a da nake yi wa ɗinki ya ce mini manyan na Turawan ma gumi da bugun zuciya suke aunawa, mai gaskiya in ya tsorata sai su kama shi, ƙwararren maƙaryaci ya wuce abinsa. Da na faɗa wa Yaya, ko a jikinsa. Wai gyara kaɗan ya rage, zai ƙara wata waya. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

Leshi ya koma wa mai shi, amma maganar da ta zaga unguwa ba ta dawo ba. Waɗanda suka ga allura ta harba sun fi waɗanda suka ji an ga leshi yawa.

A Kabong na samo Baba, ya kafa tebur a gindin wata katanga kusa da mai shayi. Na durƙusa na faɗa masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya yafe duniya da lahira, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Zancen dawowa kuwa, ya ce nan ma Allah yana ba shi abinci.

Na rasa abin yi. Don dai kada in tashi haka, na cire babbar rigata na ce ya ɗan goge mini. Bai miƙo hannu ba. Ya juya ya kira mai shayin.

Ya ce, "Malam, zo ka shaida. Riga ɗaya ya kawo, fara, kuma babu komai a aljihu."