Saniyar da ta amsa kiran Bello

Jama'a, yau saniya ta shigo wasanmu! Ta gaske fa!

Kun san wasan labarin da muke yi a zaurenmu da dayis ɗin ludo, kowa da jaruminsa. Maharbin Sani yana da baka, bokan Usaini yana ɓacewa. Makiyayin Bello kuwa sanda kawai, kullum shi ake fara kashewa. Tun rasuwar mahaifinsa Baffa, makiyayi a Gamawa, Bello ya ƙi canza jarumin nan.

Na ce, "Bello, bari in ba shi bindiga."

Ya ce, "Baffa bai taɓa riƙe bindiga ba. Kira yake yi, shanu su zo."

Sani ya ce, "Kira kuma? An ɓata wasa!"

Na ce in Bello ya jefa shida, shanu su kawo masa ɗauki.

Bello ya rangaɗa kira irin na Baffa, ya jefa. Shida!

Wallahi sai ga jar saniya a ƙofa, ta tsinke daga kasuwa, igiya a wuya! Usaini ya haye benci yana salati. Ita kuwa ta wuce kowa, ta sa hanci a tafin Bello.

Ya sunkuyar da kai yana shafa ta, idonsa jawur.

Sani ya ce a hankali, "A bar masa kiran."