Golan da ya mayar da ƙwallo

Mijina ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa ta Gusau. Ya yi shekaru yana loda buhunan gyaɗa a taragu, ya san kukan kowane jirgi, amma bai taɓa shiga ko ɗaya ya zauna ba. Da la'asar shi ne golan 'yan ƙwallon garinmu. A wata shekara cikin shekarun hamsin aka ce su ma za su shiga gasar kofi ta ƙasa baki ɗaya, irin wadda in an ci ka sau ɗaya ka fita ke nan. Wanda ya yi fice a yankinmu za a sa shi a jirgi zuwa Zariya, in da rabo har Ikko.

Tun daga ranar zama ya gagare shi. Ya ɗauki lomar tuwo ya ajiye, ya fita ƙofar gida ya dawo, ya sa ni in riƙa jefa masa ƙullin tsumma a tsakar gida yana cafewa har kaji suka daina kiwo a wurin. Ni ma abin ya kama ni, na ƙona miya ba sau ɗaya ba. Ban san kan ƙwallo ba, amma na san mutumin nan yana son ya ga inda layin dogo ya ƙare.

'Yan Tsafe suka zo aka ci su. Saura Bungudu, kuma a nan gabana ya faɗi, domin Yayana ne mai ci musu ƙwallo. Malamin makaranta ne a can. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya ba da aurena, saboda haka a wurin mijina suruki ne cikakke. Mijina bai taɓa duban fuskarsa ba, ba ya cin abinci a gabansa. In ya hango shi tun daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa, idonsa a kan ƙafafun Yaya har a gama gaisuwa.

Da safen ranar wasan Yaya ya sauka a gidanmu, mijina kuwa ya sulale ta baya. Na kai wa Yaya fura, na yi ta kame-kame, har ya gane.

"Ki hwaɗa mai babu suruki cikin hili," in ji Yaya. "In nib buga, shi kama."

Na kai saƙon. Mijina ya ce, "To," yana kallon ƙasa kamar Yayan ne a gabansa.

Mata irina ba ma zuwa kallo. Filin dai ba nisa, ana jin ihu daga tsakar gida. Na daka gero wanda ba na bukata, na share inda na riga na share, na tsaya jikin katanga na koma na zauna. Can aka yi wata sowa da ta tayar da tattabarun maƙwabta, na ce namu ne. Ban rufe baki ba sowar ta mutu, aka yi tsit, sai wata ƙarama ta tashi daga ɗaya gefen.

Yaya ne ya fara shigowa, yana huci, ko sallama bai yi da kyau ba. Ban taɓa ganin wanda ya ci wasa yana fushi haka ba. Ya ce an ba su fenariti dab da tashi, babu wanda ya ci wani, shi ya buga. Mijina bai ɗago kai ba, ƙafar Yaya kawai yake kallo kamar kullum, kuma da yake ya san ƙafar nan fiye da kowa, ya faɗa daidai inda ƙwallon ta nufa ya rungume ta. Sowar da na ji ke nan. Sai ya miƙe ya ga surukinsa tsaye a gaban jama'a ana yi masa dariya. Ya tako da ƙwallon hannu bibbiyu, ya durƙusa, ya ajiye ta a gabansa. Yaya ya daskare. Wani ɗan Bungudu da ba surukin kowa ba ya zo da gudu ya zura ta a raga.

Na ji haushin mijina ƙwarai, na kuma ji tausayinsa har na rasa wanne ya fi. Da ya dawo na ajiye masa ruwa. Shi ya fara magana.

"Shi yab ba ni ke," in ji shi. "Ƙaƙa zan bar shi tsaye ana mai dariya?"

Ranar tafiyar 'yan Bungudu a tashar Gusau suka hau jirgi. Mijina ne ya ɗauki akwatin Yaya a ka, ya shiga da shi har cikin taragon fasinja, ya gyara masa wuri kusa da taga. Da jirgin ya yi kuka ya sauko ya koma wajen buhunansa.