Azumin Ranar Hoton Zuciya

Cikina na wata shida aka gaya mini tagwaye ne mata, kuma a manne suke daga ƙasan ƙirji zuwa cibiya. Mai ɗaukar hoton bai ɓoye mini ba: in zuciyarsu ɗaya ce, babu likitan da zai iya raba su, in kowace da tata, akwai hanya. Ya ce in dawo ranar da likitar zuciya za ta zo garinmu Lafiya daga Jos.

Ni kuwa, da taurin kai kamar mutanen farko, sai na ɗauki azumin nafila ranar, don in je gaban Allah da ƙoƙon barata. Ko gwaggona, da ta baro sana'arta ta gishiri a Keana ta rako ni daga unguwarmu Bukan Sidi, ban gaya wa ba.

Likitar, wata 'yar ƙabilar Eggon mai tsintacciyar Hausa, ta shafa mini mai a ciki, ta yi ta yawo da na'ura. Yaran sun rungume juna, hannuwa sun tare ƙirji, ko motsi babu. Ana jin bugu, amma ba a san na mutum nawa ba ne.

"Madam, ka ci abinci yau?" in ji ta.

Na sunkuyar da kai. Gwaggo ta gane.

"Azumi da wannan tulun cikin? Kin hana bayin Allah abinci, kuma kina so su yi miki rawa?"

Ta fita ta dawo da zoɓo mai ƙanƙara. Tsoro ya kama ni, gani nake in na sha na janye roƙona. Amma likita da la'asar za ta koma. Na sha ina kuka, na zaga baranda, sai na ji shuri a haƙarƙari.

Da na sake kwanciya, likitar ta juyo mini allon.

"Ga zuciya na wannan, ɗaki huɗu, lafiya lau. Ga na ɗayan can gefe. Hanta ne kawai suka haɗa, shi kuma ana iya rabawa."

Ta ƙara sauti. Bugu biyu, ɗaya na gaggawa, ɗaya na bi a hankali.  Gwaggo ta rangaɗa guɗa har nas ta leƙo.

An yi musu aiki bayan sun yi ƙwari. Yanzu kowace da tabonta a ciki, kuma faɗa suke kamar kaji. In ɗaya ta yi fushi ta tashi ta bar wa 'yar'uwarta ɗakin, maƙwabta kan ce in tsawata. Ni dai tsayawa nake ina kallonta tana tafiya ita kaɗai.