Kwanon Sha a Zauren Mai Unguwa

Rijiyarmu ta lalace a shekarar da wani alhaji ya buɗe wurin fasa tsofaffin batura a bayan layinmu, a Badarawa. Dalmar su narka, ruwan batirin su zuba a kwata. Ruwan rijiya ya koma tsami-tsami. Awakina suka mutu. Matata ta kwanta da ciwon ciki, ba ta tashi ba. Ni ma na kwanta, na tashi. Jikata kaɗai ta rage mini a gidan, ita ma ta fara tari.

Ni birkila ne, ban yi boko ba. Ma'aikatan gwamnati na layin suka ce a bi doka. Aka bi. Aka je ofis, aka dawo, aka sake zuwa. Matan layin suka gaji, suka zauna a ƙofar wurin da bokitai, suka hana mota shiga. Sai aka kira zama a zauren mai unguwa.

Alhajin ya zo da wani jami'i. Suka ce an gwada ruwan, lafiyarsa lau.

A wurinmu baƙo sai ya sha ruwa ake magana. Na je gida na ja guga, na cika kwanon sha, na dawo na durƙusa gaban alhajin.

"Alhaji, sannu da zuwa. Ga ruwa."

"Na gode, Baba, ba na jin ƙishi."

"Ko kurɓa ɗaya."

"Azumi nake."

Wata tsohuwa daga bakin ƙofa ta ce, "Azumi da goro a baki, Alhaji? Wane malamin ya ba ka wannan?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na miƙa wa jami'in. Ya dubi kwanon, ya dubi takalminsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi matata ta sha. Kun ce lafiya lau. Bismilla."

Ban sauke kwanon ba. Mai unguwa ya ce in zauna, na ƙi. Ba wanda ya sha.

Ba a jima ba aka rufe wurin. Alhajin ya kwashe kayansa ya koma wajen Mando. Mutanen can sun zo neman shawara, na ba su kwanon.

Rijiyar ba ta gyaru ba, da hannuna na toshe ta da siminti. Tarin jikata ya tsaya. Ina nan Badarawa, a gidan da ubana ya bari, kuma ba inda za ni.