Furen da Ya Tona Asirin Makau

A Nasarawa Burkullu, in ana zancen gona mai tsabta, sunan Makau ake fara kira. Tun yana saurayi ba ya iya wuce ciyawa. Ko masallaci zai tafi, in ya ga wata ta leƙo a bakin gonar wani, sai ya duƙa ya tuge ta. Dawarsa kuwa layi-layi take, ƙarƙashinta kamar an share da tsintsiya.

Sai tsufa ya zo, ya fara da gwiwa. Babban ɗansa Nuruddeen, mai aikin gwamnati a Anka, ya gyara masa ɗaki a can, yana ta roƙonsa ya ajiye fartanya ya komo gari. Makau kuwa ba abin da yake tsoro kamar zaman ɗakin nan. Duk sanda aka yi waya amsarsa ɗaya ce: "Gona lahiya lau, ni ma lahiya lau." Bai gaya wa kowa ba cewa bana ƙafarsa ba ta kai kusurwar gabas ba, can bayan tsamiya.

Ƙarshen damina jikarsa Ilham, ɗiyar Nuruddeen, ta zo hutu. Ita fa ba ta da aiki sai ɗaukar hoton furanni da wayarta. Ta ɗauki rawayan furen tafasa, ta ɗauki bado a tafki, har kwanciya take yi a ƙasa don ta samu duman kada da kyau.

Makau ya ce mata, "Amarya, ga miji tsaye, kin bar shi kina ɗaukar haki?"

"Mijin da ba haƙora? Ai tafasa ta fi ka kyau, Kaka."

Wata safiya yawonta ya kai ta bayan tsamiya. Sai ga wasu furanni ja-ja masu ruwan shunayya sun cika gindin dawa, raɓa na ƙyalli a kansu. Ba ta taɓa ganin irinsu ba. Ta ɗauka, ta tura wa dangi duka ta WhatsApp, ta rubuta: "Ku ga adon gonar Kaka."

Ashe ƙuduji ne, wannan da ke maƙale wa saiwar dawa yana tsotsarta har ta tsumbure. Manomi ya bar shi ya yi fure, ai abin a nuna shi da baki ne.

Bayan la'asar sai ga Jatau, taubashin Makau, riƙe da wayar ɗansa, dariya na neman kayar da shi.

"Makau, ashe bana hure ka noma ba ka gaya muna ba? To da wanne za a yi tuwon, da jan ko da ganyen?"

Makau ya karɓi wayar, ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Hoton dai ya yi kyau."

Da Ilham ta gane abin da ta ɗauka, ta rikice, ta ce bari ta goge.

"Bar shi, amarya, ba ke kika shuka shi ba. Ubanki ai ya riga ya gani."

Daga ranar tuwo ya daina shiga masa. Ranar Asabar da hantsi aka ji ƙarar babur. Makau ya saka babbar rigarsa ya zauna a zaure, don in tafiya ce, a tafi da mutunci. Nuruddeen ya shigo ya durƙusa ya gaishe shi, sanye da wata tsohuwar riga da duk ta koɗe.

"Baba, mi ya hana ka gaya min?"

"In na gaya maka sai ka ce Anka."

"Har yanzu Anka nike cewa."

"To ni ma a'a nike cewa."

Jatau ya leƙo ya ce su ajiye gardama, ƙuduji ba ya jiran su shirya, in ya zubar da iri baɗi ma an gama. Aka ɗunguma gona, Makau da Jatau da Nuruddeen da Ilham da maƙwabta. Aka shimfiɗa wa Makau tabarma a gindin tsamiya, amma bakinsa bai zauna ba.

"Ku tugo shi tun daga ƙasa! Jatau, ba aski na ce ka yi mai ba! Nuruddeen, kar ka karkaɗe shi, iri kake watsa min!"

Nuruddeen ya miƙe yana dafe ƙugu, ya tsaya yana kallon tsohon. A Anka, in Makau ya kai musu ziyara, da ƙyar ake jin muryarsa. Nan kuwa har gonar maƙwabta ana jin ta.

Da aka tara ƙudujin a gefe aka cinna masa wuta, Nuruddeen ya zo ya zauna kusa da mahaifinsa.

"Shi ke nan, Baba, zauna abinka. Amma kusurwar gabas ta koma hannuna. Duk Asabar ina nan, baɗi kuma gyaɗa za mu sa mata ta huta."

Makau ya kama tafin hannunsa ya juya. "Da wanga hannu mai laushi?"

"Zai yi kanta."

Makau ya tuɓe babbar rigar ya naɗe, ya ce wa Ilham ta miƙo masa ƙwaryar furar da aka zo da ita. Bai ajiye ta ba sai da ya ga gindinta.