Na Ɓoye wa Auta Rasuwarka, Baba Mai Usur

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Asabar, goma sha huɗu ga watan Satumba, jim kaɗan bayan sallar asuba, Allah Ya karɓi ran Baba Mai Usur a gadon asibiti, bayan jinyar kwana uku da shi da bakinsa ya ce mana ɗan zazzaɓi ne kawai. Tsohon malamin wasanni ne a makarantar 'yan mata. Da ya yi ritaya sai ya ƙi zaman gida, ya tara 'yan matan unguwa yana koya musu ƙwallon ƙafa a filin da ke bayan makarantar. Ni tela ce, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma ni ce mahaifiyar Auta, ɗaya daga cikin yaransa, kuma akwai maganar da ta tokare mini ƙirji yau kwana goma sha shida. Don haka, Baba, da kai nake.

Ka tuna yadda muka fara? Da faɗa muka fara. Auta bahaguwa aka haife ta, ni kuwa ban yarda da wannan ba. Tun tana rarrafe nake buge mata hannun hagu duk lokacin da ta miƙa shi, har ta koyi rubutu da cin abinci da dama, ta koma jin kunyar hagunta kamar wani abin sata. Da ta zo filinka tana 'yar shekara goma sha biyu, mako ɗaya kacal ka kalle ta ka gane. Ka ce duk ƙwallon da ta faɗo mata a ƙafar hagu sai ta tsaya ta mayar da ita dama kafin ta buga, kafin nan kuwa an ƙwace. Ba ka yi mata wa'azi ba. Ka sa ta cire takalmin dama, ka ƙulla igiyarsa ka rataya a wuyanka kusa da usur, ka ce ta shiga fili da na hagu kaɗai. Ƙwallo da ƙafa tsirara akwai zafi, dole ta koma ga ƙafar da ke da takalmi.

Wata uku ana haka. Ranar da na ɗaga takalman na ga na hagu ya cinye, na dama kuwa sabo fil, na yafa gyale na zo filin a fusace. Na ce maka ƙafa biyu na saya, ba ɗaya ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kada ka warware mini tarbiyya. Ka bar ni na gama tsaf, takalmin 'yata na lilo a ƙirjinka, sannan ka ce, “Maman Auta, kin riga kin ci hannu. Don Allah ki bar mana ƙafar.” Na so in ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mini. Ka ba ni benci na zauna, na ga ta buga wata ƙwallo daga gefen hagu har sai da ƙarfen raga ya yi ƙara. Ban taɓa ganin fuskar yarinyar nan haka ba, kuma ni na haife ta.

Daga ranar na zama mai ɗinka wa yaranka rigunan atisaye. Ta nan na ga abin da mutane ba su gani. Kai ke zuwa kafin kowa ka tsince kwalabe da ƙusoshi daga filin. Kai ke zuba farin layi da tsohon gwangwanin madara da ka huda wa gindi. Yarinyar da makinta ya sauka a makaranta, benci za ta zauna da littafi a hannu ko da ita ce ke cin ƙwallaye, iyaye su yi ta roƙo ka yi kunnen uwar shegu. Ba ka taɓa barin filin ba sai yarinyar ƙarshe ta tafi gida.

Kai ne ka fara cewa Auta ta fi ƙarfin filinmu, dole ta shiga babban kulob, inda ake da makaranta da ɗakin kwana da likita, inda ake zaɓen masu buga wa ƙasa. Ni na ɗauka irin maganar ƙarfafa gwiwa ce. Ashe da gaske kake. Ka yi ta ɗaukar ta bidiyo da wayarka mai fasasshen gilashi, rabin hoton babban yatsanka ne, sautin kuwa duk ihunka ne na “Hagu! Hagu!” Ka tura musu, shiru. Ka shiga mota, tafiyar awa biyar, ka zauna a ƙofar ofishinsu har sau uku. A na ukun kocin 'yan matan ya fito ya ce zai duba ta, ko don ka bar masa ƙofa. Suka sa ranar gwaji: yara sittin, za a ɗauki huɗu, kuma wadda ba ta zo ba shekarunta sun wuce kafin na baɗi.

Tare za mu tafi da kai. Sai ciwon ya kwantar da kai ranar Laraba. Muka zo asibiti ranar Juma'a kafin mu kama hanya, ka zauna a gado kana zana mata fili a bayan takardar magani. Ka ce mu je, kafin mu dawo an sallame ka.

Asabar da ƙarfe shida da rabi na safe ina tsaye a barandar masauki wayata ta yi ƙara. Mai ɗakinka ce. Ta ce, “Maman Auta, Baba ya cika. Bayan azahar za a kai shi.” Na dafa bango. Ta ƙofar ɗaki ina hango Auta zaune a bakin gado tana ɗaure igiyar takalmi. Gwaji ƙarfe tara ne. In muka tafi tasha a lokacin, za mu iso gida kafin a fita da kai, ta yi maka addu'a a kanka. In muka tsaya, ba za ta ƙara ganin fuskarka ba. Gaba kura, baya sayaki, kuma babu wanda zan tambaya, don wanda na saba tambaya shi ne ya tafi.

Na share fuskata na shiga. Ta ce in ba ta waya ta kira ka, ka yi mata addu'a. Baba, na kalli 'yata cikin ido na ce mata yanzu muka gama magana da kai, likita ya shigo, ka ce ta buga kamar tana gida. Ta yi murmushi ta ce, “Na san haka zai ce.”

Na zauna a bayan shingen waya na filin ina kallo, ban ga komai sosai ba saboda hawaye. Wata uwa kusa da ni ta ce in kwantar da hankalina, ai 'yata na ƙoƙari. Sau biyu ta ba da ƙwallon da aka ci, ta uku ta ci da kanta. Lokacin da aka kira sunanta cikin huɗun, na duba agogo, ƙarfe biyu da kwata. A daidai lokacin ake ɗauke da kai. Ta rugo da takardar ɗaukarta a hannu tana cewa in kira ka, in kira ka yanzu. A nan bakin filin na faɗa mata.

Ba ta yi ihu ba. Ta tambaye ni ƙarfe nawa aka kira ni, na faɗa mata gaskiya. Awa biyar muka yi a mota fuskarta na jikin taga.

Kulob ya ba mu mako biyu mu sa hannu. Ta ajiye takardar a kan keken ɗinkina ta ce ba za ta je ba, ba ta son gurbin da aka samo mata da ƙarya. Ta ce mini, “Ba don shi kika yi ba, Mama, kuma ba ki tambaye ni ba.” Har yau ban san don wa na yi ba. Kwana goma sha biyu tana gaishe ni da safe kamar baƙuwa.

Mai ɗakinka ce, tana cikin takaba, ta aiko a kira Auta. Na raka ta, na tsaya daga bakin ƙofa. Ba ta wanke ni ba, ba ta kuma zarge ni ba. Ta ce, “'Yata, abin da uwarki ta yi, ku je can ku ƙarata, ni ma da ni ce ban san me zan yi ba. Amma shekara huɗu ina ɗumama wa mutumin nan abinci yana can fili saboda ke. Kada ki sa ya zama a banza na yi ta hura wuta.” Sai a nan Auta ta yi kukan da ta riƙe, ta kifa kai a cinyarta. Washegari ta sa hannu.

Jiya na kai ta tasha. Na ɗauka za ta rungume ni. Ta sa jakarta a mota, ta dawo ta tsaya a gabana ta ce, “Mama, nan gaba in wani nawa ya rasu, ki faɗa mini, ko ina tsakiyar fili.” Na ce to. Ta shiga mota, ta zauna a gefen da ba na ganin ta.

Ka kai ta inda ka yi alkawari, Baba. Ni kuwa na hana ta sallama da kai, kuma na sa maka magana a baki ranar da bakinka ya riga ya rufe.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa kowane taku da ya yi saboda 'ya'yan mutane ya zama haske a gare shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa da 'ya'yansa da jikokinsa, da 'yan matan da har yanzu ke taruwa a filin da yamma ba su san wa zai ce a fara ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Ni kuma Allah Ya yafe mini ƙaryar da na yi da sunansa, Ya sa wata rana 'yata ma ta yafe mini. Amin.