Layin da Yaya Ya Bari Babu Komai

Yayana direban motar makaranta ne. Shekara takwas yana kwasar 'ya'yan mutane, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Yaran ne suka sa masa suna Sannu-Sannu, don ko kaza ce ta gitta sai ya tsaya ta gama yangarta. Ni in ina sauri, wallahi gara in taka da ƙafa.

Bana aka yi sabuwar shugaba a makarantar. Sati guda da zuwanta ta raba wa ma'aikata takarda: suna, shekaru, kana da aure ko babu, in akwai, lambar wayar matarka. Yaya ya cike komai, ya bar layin aure babu ko ɗigo.

Kwana biyu sai ga sunansa a allon sanarwa, nan bakin ƙofa inda iyaye ke tsayawa, a jerin marasa aure. Ta kira shi gaban malamai, ta ce ba za ta damƙa 'ya'ya mata a hannun gwauro ba, ƙarshen wata ya ajiye makulli.

Da ya gaya mini na dafe ƙirji. "Gwauro? Kai? Yaya, me ya hana ka rubutawa?"

"In na rubuta, kira za su yi," in ji shi. "Wa zai ɗauka?"

Yaya yana da mata. Shekara tara da suka wuce ta haihu, ɗan bai zo da rai ba, tun ranar hankalinta bai dawo daidai ba. Tana ɗakin baya, ta naɗe zanen goyo ta rungume, ta yi ta jijjigawa. Shi ke taje mata kai, ya ba ta magani a baki kafin ya fita. A wurin aiki ba wanda ya sani.

Ni ce na matsa masa, ni da bakina da ba ya shiru. Na ce ya je ya faɗa wa shugabar ita kaɗai, ai mace ce, za ta rufa asiri. Ya je, ya roƙe ta maganar ta tsaya tsakaninsu.

Washegari yana can yana ɗaukar yara, ina shanya a tsakar gidansa, sai ga shugaba da sakatariyarta, wai sun zo tabbatarwa. Kafin in ajiye bokiti har shugabar ta ɗaga labulen ɗakin baya. Matar Yaya ta yi murmushi, ta miƙa musu zanen. "Kun zo ganin jariri?"

Sai ji na yi ƙyas! Sakatariya ta ɗauki hoto.

"Ke! Me kika yi?"

"Na fayil ne," in ji ta, ko kunya babu. Na kora su har titi ina zage-zage.

An cire sunansa daga allo. Shugaba ta ce makulli nasa ne, har da yi masa addu'a.

Kwana uku bayan nan, an tashi daga makaranta, yara sun cika mota. Wata 'yar shekara shida ta cire rigar sanyinta, ta naɗe, ta rungume tana jijjigawa. "Sannu-Sannu, haka matarka take yi ko? Mama ta nuna mana a waya." Motar ta kwashe da dariya.

Innalillahi! Shekara tara yana rufe ta, kwana uku suka yi suka baza ta a wayoyin mutane.

Yaya ya ci gaba da tuƙinsa. Ya sauke kowane yaro a ƙofar gidansu, ya mayar da mota, ya ɗora makulli a teburin shugaba. Ta ce ai magana ta wuce. Ya ce e, ta wuce.

Ina gidan ya shigo, na kasa haɗa ido da shi. Ya ɗauki mataji ya zauna kusa da matarsa. Ta dube shi ta ce, "Yi a hankali, kar ka tashe shi."

"To," in ji Yaya, ya sauke labulen.